Illo Ya Zo Gaisuwa

Tun da aka kai Hafizu makwancinsa Ni'ima ba ta sa wa cikinta komai ba sai ruwa. Tana zaune a ƙuryar ɗakin Inna ta haɗa kai da gwiwa, mata masu gaisuwa na shiga suna fita. Wasu su ce mata ya haƙuri, wasu su tsallake ta kamar ba su gan ta ba, su gaida Inna kaɗai. Masu tsallakewar su suka fi yawa, kuma ta san dalili.

Hafizu yayanta ne, shi take bi. Shi ya tsaya kai da fata har babansu Malam Kalilu ya yarda ta tafi jami'a a Sakkwato ta karanci tarihi. Jiya da asuba 'yan bindiga suka shigo Kukar Magaji ta gabas, ta daidai inda ruwan damina ya cike ramin ganuwa da yashi, suka kora shanun noma, suka harbi wanda ya fito. Hafizu na cikin waɗanda suka fito.

Kafin a idar da jana'iza, suna ɗaya ya zagaye garin: Illo.

Illo ɗan Fulanin Burkusuma ne, yana karantar siyasa. A ajin da aka haɗa 'yan tarihi da 'yan siyasa suka san juna, kuma da rigima suka fara. Ranar da malami ya zo kan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, Illo ya waiwayo yana murmushi ya ce da ita, "Bagobira, a yi haƙuri, mu munka ci ku." Ita kuwa ba ta bari ta kwana ba, ta ce, "Kun ci gari, kun kasa cin mutane. Sabon Birni wa ya gina ta?" Aji ya kwashe da dariya, malami ya haɗa su rukuni ɗaya don su ƙarasa faɗansu a takarda. Faɗan dai bai ƙare ba har suka kai ajin ƙarshe, sai dai ya rikiɗe ya zama abin da kowa a sashen ya sani. Har an yi magana manyan Illo za su zo neman aurenta bayan kaka.

Aikin bincike na kammala karatu shi ya ja musu. Ita tana rubutu a kan tsofaffin ganuwoyin ƙasar Gobir da yadda ƙauyuka suka koma haƙa su saboda tsoron ɓarayin daji. Shi kuma a kan yadda gari ke mulkin kansa idan hukuma ta yi nisa. Da hutu ya zo sai ta ce ya taho garinsu su jefi aikin biyu lokaci guda. Hafizu da kansa ya zagaya da su bakin ramin. Wayarta ta fashe a fuska, don haka Illo ne ya riƙa ɗaukar mata hotuna: nan rami ya yi zurfi, nan ya cike, nan tsohuwar ƙofa take. Da yamma kuma ya zauna a majalisar ƙofar masallaci yana tambayar dattawa wa ke raba wa 'yan sa-kai tsaro, wa ke ba da umarni idan an ji motsi.

A aji, tambayoyin nan maki ake ba mutum a kansu. A Kukar Magaji kuwa, Bafillace ne aka gani yana ɗaukar hoton rami yana tambayar masu gadi. Karatu ya yi wa yaran nan yawa har suka manta a ina suke, kuma babu wanda ya ja musu kunne, don kowa ya ga Hafizu na tare da su. Yanzu Hafizun ne babu.

Bayan la'asar aka ce Maliki na kiranta a tsakar gida.

Maliki ɗan wan babanta ne, shi ne shugaban 'yan sa-kai na garin. Tun tana sakandare yake sonta, tun tana sakandare take ce masa ita yaya ta ɗauke shi. Ta same shi tsaye jikin rumbu, idanunsa jajir, rigar da ya ɗauko Hafizu da ita ce har yanzu a jikinsa.

"Ya kira ki?"

Ta girgiza kai.

"Ƙarya kike yi, Ni'ima. Wayarki tun jiya take haske, mata sun hwaɗa min."

"Yaya Maliki, wallahi Illo bai san komi ba. Hotunan nan nawa na. Ni nic ce ya ɗauka."

"Naki na, amma cikin wayar wa suke?" Ya matso. "Ta wurin da ya tsaya ya ɗauki hoto, ta nan sunka shigo. Ni niɗ ɗauko Hafizu da hannuna. Kin san nauyinai? Ke kina Sakkwato kuna gardamar sarakunan da sunka mutu tun dauri, mu muna nan muna bizne na yau."

Hawaye suka ɓalle mata. "Kowa ya san ramin nan ya cike. Mai kai tallan nono ya sani, mai zuwa gona ya sani. Sai Illo kaɗai ad da ido?"

"To shi zo shi hwaɗi hakanan da bakinai." Ya share fuska da hannun riga. "Gobe addu'ar ukku. Wanda ke neman ɗiyar gida, an kashe wanta, ai shi ka hwara zuwa gaisuwa. In bai zo ba, mun san abin da ya hana shi."

"In kuma ya zo?"

Maliki ya kalle ta, kallon da ya fi amsa muni, ya juya ya fita.

Ta lallaɓa bayan rumbu, can kusurwar da sabis ɗin Nijar ya fi ƙarfi idan an ɗaga waya sama, ta danna lambar Illo. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ni'imatullahi!" Shi kaɗai ke cika sunanta. "Tun jiya nike nemanki. Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Hafizu, Allah shi sa ya huta. Wallahi ban runtsa ba."

Ta kasa cewa amin, kuka ya ci ƙarfinta. Ya bar ta ta yi mai isarta, tana jin shi ma yana jan hanci.

"Gobe za ni tahowa da Baffa Hussaini," ya ce. "Mun riga mun sha mai."

"Kak ka zo."

"Mi kic ce?"

"Don Allah, don Annabi, kak ka zo, Illo. Cewa suke kai ne infoma. Hotunan ganuwa, da tambayoyin da kay yi majalisa."

Ta cire wayar daga kunne ta duba ko sabis ne ya ɗauke.

"Na ji," ya ce a hankali. "Labari ya riga ya iso Burkusuma. Shi ya sa za ni zuwa."

"Kashe ka za su yi!"

"In ban zo ba kuma na kashe kaina da kaina. Ni'ima, wanga suna in ya manne wa mutum, ba shi kaɗai yake ci ba. Innata tana kai nono kasuwar Gangara. Ƙannena suna bin hanyar Sabon Birni. Dut za su zama dangin infoma. Su ɓarayin nan shanun Baffa sunka hwara korawa kahin su san hanyar garinku, amma wa za shi tsaya jin wannan? Hafizu abokina na. Ya ba ni tuwo a akushi guda. In ƙi zuwa gaisuwatai don tsoro?"

"Ka bari ƙura ta kwanta. Ka kai hotunan ga malaminmu, shi yi takarda, shi yi bayani."

Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ke da kanki kin san takardar jami'a ba ta ƙetare ramin garinku."

Sai ta runtse ido ta ɗauko abin da ba ta taɓa zaton zai fito daga bakinta ba.

"To ka ji. Ni ba ni son ganinka. Da ban san ka ba da yayana na raye. Kak ka zo garinmu, ba ni bukatar gaisuwarka."

"Ni'imatullahi, shekara nawa muna gardama ni da ke? Na san muryarki in kina da hujja, na san ta in ba ki da ita. Sai na iso."

Ya kashe wayar. Ta sake kira, a kashe. Ta durƙushe nan jikin rumbu ta yi kukan da ko na gawa ba ta yi irinsa ba, tana jin haushinsa, tana jin sonsa, tana jin haushin kanta fiye da kowa.

Da aka idar da magariba Malam Kalilu ya shigo ɗakinsa. Dattijo ne mara yawan magana, mai tsagen Gobirawa har kunne, wanda garin kaf suka sani ba ya rantsuwa a kan abin da bai tabbatar ba. Ni'ima ta bi shi ta zube a gabansa.

"Baba, Illo na tahowa gobe."

Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Baba, ni nik kawo shi garin ga. Aikina na ya taya ni. In akwai laihi, nawa na. Ka hana su, Baba, kai kaɗai suke jin kunya."

"Wa ya aike ku?" ya tambaya ba tare da ya dube ta ba. "Na kai ki karatu ki san abin da ya hwaru dauri, kin dawo ba ki san abin da ke hwaruwa ƙohwar gidanku ba. Gari na kwana da ido guda, ku kuna yawo da waya bakin rami awa 'yan biki."

"Yaya Hafizu na tare da mu…"

"Kak ki ambace shi!"

Ba ta taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Carbin ya faɗi daga hannunsa, kafaɗunsa suka hau rawa. Tun jiya yake karɓar gaisuwa ido bushe, sai yanzu a gaban 'yarsa ya fashe. Ta rungume ƙafarsa suna kuka tare. Da ya natsu ya janye ƙafar a hankali.

"Tashi ki tahi wurin uwarki."

"Baba, mi za ka yi?"

"Na ce ki tashi."

Washegari hadari ya haɗo tun hantsi amma ya ƙi zuba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suka cika wurin har bakin masallaci. Ni'ima ta sulale daga cikin mata ta maƙale a bayan ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida, inda take hango waje ta tsagar katako. Addu'a take yi mashin ɗinsu ya lalace a hanya, ko gulbi ya cika ya hana su ƙetarewa. Allah ya gani, har karaya ta roƙa masa.

Liman ya ɗaga hannu ke nan aka ji ƙarar mashin.

Illo ne ke tuƙi, da farar riga da hula, Baffa Hussaini a bayansa da rawani da sanda. Suka sauka nesa kaɗan, suka tuɓe takalma, suka tako. Sallamar Baffa ta fito sarai, amma babu wanda ya amsa. Samari suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Ta hango Maliki jikin dalbejiya, yaransa na bayansa da bindigogin gida a rataye.

"Ga shi nan! Har da ƙarhin halin zuwa!"

"Infoma!"

Wani ya ɗauki hogen ƙasa ya jefa, ya sami Illo a kafaɗa. Bai ko waiwaya ba. Ya ci gaba da takowa har gaban Malam Kalilu, ya durƙusa gwiwa biyu.

"Baba, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Hafizu, Allah shi ba mu haƙurin rashinai."

Ni'ima ta ƙura wa babanta ido. Idan Baba ya kau da kai, shi ke nan, an gama.

Malam Kalilu ya daɗe yana kallon yaron. Sannan ya miƙa hannu ya kama nasa, ya ce, "Amin. Haƙuri ya zama dole." Ya gusa a kan buzunsa ya zaunar da shi kusa da shi, ya nuna wa Baffa Hussaini wuri, ya dubi liman. "Malam, a yi addu'a."

Aka yi addu'ar, amma rabin hannuwan da ke wurin ba su ɗagu ba. Ana shafawa guna-guni ya tashi kamar an taɓa gidan rina. Maliki ya tako har bakin tabarma.

"Baba, mun girmama buzunka. To an shafa. Ka ba mu shi mu yi mai tambayoyi, tun da shi ma ya iya tambaya."

"Baƙona na. Ku dakata."

"Baƙo ko suruki?" wani ya jefo daga baya. "Jinin Hafizu bai bushe ba za a sai da shi don auren ɗiya!"

Malam Kalilu ya miƙe riƙe da hannun Illo, ya yafito Baffa Hussaini, suka shiga zaure ya turo ƙofar waje. Yanzu tsakaninsu da Ni'ima ƙyaure ɗaya ne, har tana jin numfashin Illo.

"Baba, wallahi tallahi…"

"Bari rantsuwa, yaro. Da na yarda da hannunka ciki, da ban ba ka nawa ba. Wauta kunka yi, kai da ita, kuma wauta ba kisa ba ta." Ya numfasa. "Amma ka ji abin da sunka ce. In na hita na ce ina kare wanda za shi auri ɗiyata, maganata ta zube, ko ni ba su bari. In na ce baƙon gaisuwa na, babu komi tsakaninai da gidana, yau ko gobe, za su bar ni in hid da kai. Ni za ni hawa bayanku har ku wuce rami."

Baffa Hussaini ya ce, "To a hwaɗa musu hakanan mana, Malam. In ƙura ta lahwa, sai a dawo ga magana."

"Rantsar da ni za su yi, Hussaini. Maliki ba yaro ba na, Alƙur'ani za shi ɗauko. Ni kuwa ban taɓa dahwa shi kan ƙarya ba, ba ni hwarawa ranar addu'ar ɗana. In na hwaɗa, to ya zama gaskiya."

Sai a lokacin Ni'ima ta gane. Ta toshe baki da mayafi don kada kukanta ya fito.

"Baba, a'a," Illo ya ce, muryarsa ta karye. "Ban zo don in sai da ita in sayi raina ba. Ka buɗe ƙohwa in hita, abin da Allah ya rubuta shi za a yi."

"Kai kaɗai kaz zo? Dubi tsohon da ke bayanka. Shi mi ya yi?"

A waje an fara dukan ƙofa da tafin hannu, ana kiran sunan Malam Kalilu.

"Ba ni iyawa, Baba," Illo ya ce yana kuka wiwi. "Alkawari na yi mata. Bakina ba shi iya warware shi."

"Na sani." Malam Kalilu ya juya ya fuskanci ƙyauren cikin gida. "Ni'ima, na ga ƙahwarki tun ɗazu. Shigo."

Ta turo ƙyauren ta shigo. Illo ya ɗago. Ya rame a 'yan kwanakin nan, ƙasar hogen na nan a kafaɗar farar rigarsa. Ya girgiza mata kai a hankali, yana roƙonta da ido.

"Ban tilasta ki ba," in ji Baba. "Ban kuma ce za ni ba ki wani ba. Kin ji komi da kunnenki. Abin da kic ce shi za ni hita da shi."

Dukan ƙofar ya ƙaru, har ƙasa na zubowa daga saman bango. Ta ji muryar Maliki yana cewa a ɗauko Alƙur'ani daga masallaci.

Ta so ta ce a ba ta lokaci. Ta so ta kawo hujja, ita da ba a taɓa kayar da ita a gardama ba, amma ta duba ko'ina a kanta ba ta sami ko ɗaya ba. Ta dubi Baffa Hussaini, tsoho ya dogara da sandarsa, leɓɓansa na motsi da salati. Ta share hawayenta, ta tsayar da muryarta yadda ko Illo ba zai sami ƙarya a cikinta ba.

"Illo, na warware alkawarin da ke tsakaninmu. Na yahe maka naka, ka yahe min nawa. Har abada."

"Ni'imatullahi…"

"Baba, hita ka rantse. Gaskiya ta."

Malam Kalilu ya gyara rawaninsa, ya zare sakata. Hayaniya ta shigo zauren gaba ɗaya, sannan ta lafa. Ni'ima ta koma bayan ƙyaure ta zame ƙasa. Tana jin muryar babanta tiryan-tiryan yana rantsuwa, tana jin shirun da ya biyo baya, tana jin an tada mashin.

Ta leƙa ta tsagar katakon. Illo a gaba, Baffa Hussaini a tsakiya, babanta a can ƙarshe ya ba bindigogin garin baya. Mutane suka dare, mashin ɗin ya bi ta tsakiyarsu a hankali ya nufi gabas.

Ta jira Illo ya waiwayo ko sau ɗaya ne. Da ya kai kwanar masallaci ta ga wuyansa ya fara juyawa, sai Baba ya miƙa hannu ta saman kafaɗar Baffa ya mayar masa da kai kan hanya.